Angon Da Aka Yi Wa Ta'aziyya

Kausar Sodangi na zaune a shagon intanet na kasuwar Suki a Sudan, inda kowa ke neman sabis tun da yaƙi ya watsa mutanen Madani, sai wani dogon saurayi ya shigo yana tambayar K. Sodangi.

"Ina da magana da dattijon nan," ya ce wa mai shago.

"Ga dattijon nan," in ji Kausar, ko ɗagowa daga laftof ɗinta ba ta yi ba.

Saurayin ya tsaya baki buɗe, don ya zaci K. Sodangi namiji ne. Bilyaminu Adam ke nan. Kamfaninsu ɗaya, amma ba su taɓa ganin juna ba. Manhajar kamfanin tana ɗauko shafukan intanet ne ta miƙa wa mataimakan AI su karanta. Shi ya rubuta jagorar amfani da ita, ita kuma aikinta ta gwada ko abin da jagorar ta faɗa shi manhajar ke yi. Huɗu bisa goma ta ba shi, shi ya sa ya hawo bas tun daga ƙauyensu na wajen Managil da faɗa a bakinsa.

"Huɗu, ya ustaza? Haram alaiki."

"In shafi ya ƙi buɗuwa, tsohon kwafi manhajar ke kawowa, ba ta cewa tsoho ne. Ina ka rubuta haka?"

"Ai kowa ya san wannan."

"Na'ura ba ta san kowa ba. Abin da ka rubuta kaɗai ta sani."

Bai gyara ba, don taurin kai gare shi ba kaɗan ba. Sai dai faɗan da ya zo da shi a kofin jabana, gahawar da suka sha tare, ya narke, kuma tun daga ranar wayarta ba ta huta ba.

"Ustazata mai rowar maki, yau nawa na ci? Na yi sallah kan lokaci, na ci kisra, na tuna ki fiye da ƙima."

"Biyar. Je ka gyara layin nan tukuna, ya ruhi."

Da ya turo magabata, mahaifinta Hajj Sodangi ya ce sai an yi bincike, kamar yadda aka saba. Hanya kuwa ba daɗi. Nan Gado, ɗan baffanta da ya daɗe yana mata kallon tasa, ya ce a bar masa, wayarsa ta isa.

Bayan la'asar aka kira ta. Hajj Sodangi na zaune bakin gadon angarib, fuska ba annuri. Gado ya karanta abin da mataimakin AI ya ɗauko daga shafin ƙungiyar matasan ƙauyen su Bilyaminu: sanarwar rasuwar Bilyaminu Adam Yakubu, ɗan Hajja Hannatu, wanda ya rasu a hanyar fita daga Madani.

Tiren shayi ya suɓuce daga hannunta. Sunansa ne, da na uba, da na uwa, babu wanda ya kuskure.

"To wa anka kawo mini gida?" in ji tsohon. "Wanda ya ɗauki sunan mamaci, mi zai bari? Ɗiyata, in na sake jin sunansa a bakinki, ban yafe ba."

Ta rubuta wa Bilyaminu: "Don Allah kai wane ne? An ce ka mutu."

Sai ga amsarsa. "Ni ne, Kausar. Lokacin gudu daga Madani zazzaɓi ya kwantar da ni a wani ƙauye da babu sabis. Wani ya ce ya ga gawata. Uwata ta yi zaman makoki, an raba kayana. Ban gaya miki ba don har yau ba na iya faɗinsa da baki. Amma sun cire sanarwar tuni, wallahi."

Ta yi kuka, ta ji haushin ɓoyewar, sannan kalmar "tuni" ta tsaya mata a rai. Ta karɓi wayar Gado ta duba, sai ga shi da manhajarsu mataimakin ke ɗauko shafi. Da safe ta buɗe shafin kai tsaye a shago. Babu ta'aziyya, sai godiya ga Allah da hotonsa a rame yana murmushi. Sabis ne ya yi rauni, manhajar ta kawo tsohon kwafi ta yi shiru.

Ta kai wa mahaifinta. Ya duba, ya ture wayar.

"Jiya waya ta kashe shi, yau waya ta tashe shi? La, ya bitti. A'a, ɗiyata. Da ƙafata zan tafi."

Ya tafi kuwa. Hajja Hannatu ta tare shi a ƙofar gida, ta ji abin da ke tafe da shi, ta kamo hannun ɗanta ta sa cikin nasa.

"Taɓa shi, Hajj. Na karɓi gaisuwar mutuwarsa a tsakar gidan nan. Kar ka hana ni karɓar ta aurensa."

Gemun Hajj Sodangi ya jiƙe da hawaye, ya ce a sa ranar aure.

Ranar ɗaurin aure har Gado ya yi rabon dabino, kansa a ƙasa. Ana tsaka da yi wa amarya lalle saƙo ya shigo, ƙanwarta ta riƙe mata wayar.

"Amaryata, na gyara. Ga layin: In shafi bai buɗu ba, tsohon kwafi za a samu, a duba kwanan watansa kafin a gaskata. Nawa na ci?"

Kausar ta yi dariya da hawaye, ta ce a rubuta masa: "Goma, tunda ka dawo da ranka."

Daga waje aka ji muryar Hajj Sodangi yana sa albarka, Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya kuma ja kwanan ango. Wurin wannan ta ƙarshen, amin ɗin Hajja Hannatu ya fi na kowa ƙarfi.