Littafin Hedimasta

"Ki janye maganar, Auta. Minti ɗaya kawai zai ɗauke ki."

Auta ta zare abin sauraro daga kunnenta ta ajiye a tebur. Jar fitilar ɗakin watsa shiri ta mutu ke nan Injiniya ya turo ƙofa, ko sallama bai ƙarasa ba. Saura wata biyu bikinsu.

"Wace maganar, masoyi?"

"Kin sani. Baba ya ce ko ki fito a rediyo ki ce kin yi kuskure, ko a fasa."

"A fasa me?"

Ya zuba wa makirufo ido kamar shi ya yi masa laifi.

Aikin Auta ke nan a gidan rediyon: duk mako ta karanta littafi biyu, ɗaya ƙagagge ɗaya na gaske, ta faɗa wa masu sauraro ra'ayinta. Wancan makon ta fara da wani labarin soyayya, ta ce jarumar ta suma sau bakwai, gara a kai ta asibiti kafin a kai ta ɗakin miji. Sai ta ɗauko na biyu, tarihin rayuwar wani tsohon hedimasta, shafi ɗari uku. Hedimastan kuwa mahaifin Injiniya ne, kuma shi ya aiko mata da littafin, ya rubuta a ciki da hannunsa, "Ki faɗi gaskiya, 'yata."

Ita kuma ta faɗa.

Ta ce babi goma daga cikin sha ɗaya jerin lambobin yabo ne da sunayen manyan da ya gaisa da su, mai karatu zai yi gyangyaɗi. Ta ce babi na tara ne kaɗai ya hana ta ajiye littafin. Gimbiya, 'yar gwaggon Injiniya, wadda ta daɗe tana kai masa abinci ofis ba wanda ya aike ta, ta yanko wurin gyangyaɗin kaɗai ta tura wa dangi a waya.

"Kai ka karanta littafin?" in ji Auta.

"Ni ɗansa ne. Na san abin da ke ciki."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

"Na duba hotunan..."

"To je ka karanta babi na tara. Shafi goma sha tara ne. In ka gama ka ce in janye, sai mu yi magana."

"In na ce ki janye, za ki janye?"

"A'a, zuciyata. Amma za mu yi magana."

A gida Umma ta tare ta a kicin, ludayi a hannu.

"Ke kam karatu ya yi miki illa. Suruki guda, ki hau iska ki ce littafinsa na sa barci? Ina kunya?"

"Shi ya ce in faɗi gaskiya, Umma."

"Kowa haka yake cewa. Ni ma nakan ce wa babanki ya faɗi gaskiya kan miyata. Kin taɓa jin ya faɗa?"

"Shi ya sa har yau gishirin yake yawa."

Umma ta ɗaga ludayin, dariya ta ƙwace mata, sai kuma idonta ya ciko.

"Kina son yaron nan, Auta."

"Kamar raina."

"To mace da haƙuri take shiga gida."

Auta ta daɗe tana jin wannan magana, ta kuma lura cewa masu faɗarta ba su cika bayyana abin da ke samun macen bayan ta shiga ba.

"Umma, in na shiga da ƙarya, kullum sai na sake wata. Zan je in ba shi haƙuri kan zafin da ya ji. Abin da na karanta kuwa, na riga na karanta."

Kwana uku Injiniya bai kira ba. Ta je aiki, ta karanta littafin mako, ta yi kuka sau ɗaya a banɗakin ofis, ta wanke fuska ta koma kan makirufo.

Rana ta huɗu da la'asar ta yi sallama a falon Hedimasta. Kwafin littafinsa na jere a kusurwa, har yanzu cikin leda. Gwaggo na kan kujera, Gimbiya na zuba shayi kamar matar gida. Injiniya na tsaye jikin taga, bai ɗago ba.

Auta ta durƙusa ta gaishe su.

"Kin zo da takardar janyewa?" in ji Hedimasta.

"Na zo da ban haƙuri, Baba. Na ɓata maka rai, ka yafe mini. Amma ba zan ce na yi kuskure ba."

"Kun ji ko?" in ji Gimbiya. "Littafin da ni sau biyu na karanta shi, Kawu, ban ga aibu ko ɗaya ba."

"Masha Allah," in ji Injiniya daga taga. "Me kika gani a babi na tara?"

"Ai... duk yana da daɗi. Musamman wurin lambar yabo."

"Babu lambar yabo a ciki."

Ya juyo. Idanunsa sun yi ja.

"Labarin Mama ne, Allah ya ji ƙanta. Baba ya aure ta ba ta iya karatu ba. Tana zaune gefensa yana duba littattafan 'yan aji, har ta koya. Bayan shekara biyu ita ke kama masa kuskure. Shekarata talatin da ɗaya, Baba, ban san wannan ba sai shekaranjiya." Ya zo ya durƙusa kusa da Auta. "Tun da na karanta nake jin kunyar yarinyar nan. Ita kaɗai ta karanta ka a cikinmu. In an fasa, ni ban fasa ba."

Gwaggo ta gyara zama. "Yaya, ai rabin maganar aka turo mana. Wata ƙila da ka ji sauran..."

"Na ji duka," in ji Hedimasta. "Rediyona na kunne ranar. Kuna tsammani gyangyaɗin ne ya dame ni? Shekara arba'in ina koyarwa, na saba da masu gyangyaɗi."

Ya cire tabarau ya riƙe.

"Yarinyar nan ta ce malamin da ya fi kowa a littafin ba marubucin ba ne. A rediyo. Sau uku na cire babin nan kafin a buga, don kada a ce matar hedimasta ke gyara masa rubutu."

"Amma ka mayar da shi, Baba," in ji Auta a hankali.

"Na mayar."

"Shi ya sa na ce a nemi littafin. Wanda ya rubuta shafukan nan goma sha tara marubuci ne. Sauran kuwa, hedimasta ne ya rubuta su."

Gwaggo ta rufe baki da hannu. Gimbiya ta ajiye butar shayi ta fice, ba wanda ya tambaye ta ina za ta.

Hedimasta ya dubi Auta.

"Ba ki da tsoro."

"Ina da shi, Baba."

"Babi na huɗu fa? Inda na gina ajujuwa shida?"

"Ya yi tsawo."

"Kin zalunce shi."

"Zan sake karantawa. In na canza ra'ayi zan faɗa a rediyo."

"In ba ki canza ba?"

"Sai in faɗa maka a nan, ba a rediyo ba."

Tsohon ya mayar da tabaransa, ya dubi ɗansa.

"Tashi ka raka ta. Ka ce wa iyayenta ranar na nan yadda aka sa."

A bakin ƙofa Injiniya ya rage murya.

"Ni ma na rubuta miki waƙa, hasken idona. Tun bara nake ɓoye ta."

"Kana son in faɗi gaskiya a kanta?"

Ya yi tunani sosai.

"Bari a ɗaura tukuna."

Aka kuwa ɗaura, ranar da aka sa.