Ɗaya Ko Biyu

Da yammacin wata Laraba, bayan an tashi daga lacca ta ƙarshe, Anti ta hau bene na uku na sashen nazarin halayyar ɗan Adam domin ta ƙarasa wani ɗan aiki. 'Yan ajinsu ne suka sa mata Anti, saboda ta ba su shekara goma, kuma tana da 'ya. Mijinta ya rasu bara. Tun daga lokacin, duk wanda ya tambaye ta abin da ke damunta, amsarta ɗaya ce: babu. Ba ta yi kuka ba, ko a ɓoye. Abin da ya rage mata shi ne 'yarta mai shekara huɗu, mai yawan zazzaɓi, wadda kullum kafin ta fita sai ta dafa goshinta da tafin hannun dama. Hannun nan bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Aikin ba mai wuya ba ne. Darasin a kan yadda fata ke jin taɓawa ne. Ɗalibi ɗaya zai zauna da baƙin ƙyalle a ido, a ɗaure hannunsa a kan tebur da maɗaurin fata don kada ya motsa. Ɗayan kuma ya riƙa taɓa shi da wani ƙarfe mai tsini biyu, irin na zana da'ira. Wanda aka taɓa ya ce "ɗaya" ko "biyu". Wani lokaci da gangan ba a taɓawa, don a kama mai cinta. Nan sai ya ce "babu". Mai gwaji ba ya magana sam. Tebur yake ƙwanƙwasawa da biro, alamar a ba da amsa.

Abokiyar aikinta ita ce Rediyo, yarinyar da bakinta ba ya hutawa.

A bakin ƙofa suka tarar da tsohon da ke riƙe da makullan sashen. Ya buɗe musu, ya tsaya yana juya makullan a hannu.

"'Ya'yana, ku gama kafin rana ta faɗi. Kuma kada ɗaya ta bar ɗaya da ido a ɗaure."

"Baba, su ma mutanen ɓoye digirin suke nema?" in ji Rediyo.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya sauka abinsa.

Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya, tebur ɗaya, kujeru biyu na katako. Rediyo ta ɗaure mata hannun dama, ta ɗaure mata ido, tana taunar cingam mai ƙamshin na'a-na'a.

"Anti, minti ashirin ba magana. In na mutu, ke kika kashe ni."

"Zauna dai, 'yar nan. Na bar yarinya ba lafiya."

Aka fara daga gwiwar hannu. Ƙwas. "Ɗaya." Ƙwas. "Biyu." Kujerar Rediyo tana ta kuka, don ko zaman ba ta iya shi shiru ba. Can ta yi tsaki.

"Biron nan ya mutu. Kada ki motsa, yanzu zan aro."

Ƙofa ta buɗe, ta rufe. Takun takalmi ya yi nisa.

Anti ta zauna cikin duhun ƙyalle. Ba ta tunanin komai. Ta saba da irin wannan zama.

Ba a jima ba ƙofa ta sake buɗewa.

Aka zauna a gabanta. Kujerar ba ta yi kuka ba. Tsini ya sauka ƙasa da gwiwar hannunta, da sanyi kamar an ciro shi daga ƙanƙara.

Ƙwas.

"Biyu," ta ce.

Inda aka taɓa ya yi tsit. Ba zafi, ba sanyi, kamar an shafe shi da soso. Ta tuna malaminsu ya ce fata takan gaji in an dame ta. Ta yarda da malamin.

Ƙamshin na'a-na'a ya tafi. Wani wari ya maye gurbinsa, irin na tsohuwar rijiya da aka daɗe ba a buɗe ba. Wannan ma an koya musu: in aka rufe ido, hanci yakan ƙirƙiro abin da babu.

Ƙwas. "Ɗaya." Ƙwas. "Biyu."

Tsinin yana gangarowa, a tsanake, bisa tsari, ba irin hannun Rediyo ba. Duk inda ta amsa, wurin ya mutu. Sangalin hannu. Wuyan hannu. Ta daina jin maɗaurin. Tsakiyar tafi. Ta amsa. Yatsu, ɗaya bayan ɗaya. Ta amsa duka, don shekara uku aka yi ana koya mata ta faɗi abin da ta ji, ba abin da take zato ba.

Sai ta ji dariya daga ƙasa, ta taga. Dariyar Rediyo ce, tana tsokanar wani a tsakar filin sashen.

Anti ta yi ƙoƙarin murza yatsunta. Ba ta san ko sun motsa ba.

Hannun hagunta a sake yake. Tana iya cire ƙyallen. Ba ta cire ba.

Aka taɓa kafaɗarta. Wannan karon ba ƙarfe ba ne. Farata ne, dogaye, guda uku.

Ƙwas.

Ta yi shiru.

Ƙwas. Ƙwas.

Numfashi mai sanyi ya zo daf da kunnenta.

"Nawa?"

Muryar ba ta mace ba ce, ba ta namiji ba. Tambaya ce kawai, cikin haƙuri.

Nan ta gane. Abin da ta amsa ta ji, shi ake ɗauka.

"Babu," ta ce.

Faratan suka hau wuyanta. Suka nutse.

"Nawa?"

"Babu."

Suka hau kuncinta, suka kwanta a kai, biyar cur. Tana jin kowanne, har da kaushin bakinsa. Ta tuna goshin 'yarta.

"Nawa?"

Shekara guda ta yi tana faɗin kalmar nan ga uwarta, ga surukanta, ga kowa. Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Babu."



Daga matakala, makullai suka yi ƙara.

Sanyin ya ɗaga. Tsohon ne ya kwance mata ƙyallen, yana haki, Rediyo a bayansa da sabon biro. Kujerar da ke gabanta ba kowa. Takardar gwajin tana kan tebur, an cike ta da kyakkyawan rubutu tun daga gwiwar hannu har ƙaramin yatsa. Layuka uku na ƙarshe an bar su fari.

Likitoci sun duba hannun har sau huɗu. Jijiyoyi lafiya, jini na gudu, tana rubutu da shi, tana wanki. Amma daga gwiwar hannu zuwa farce ba ta jin komai. Sau biyu ta ƙone a murhu, sai da wari ya gaya mata. Ta gama karatunta da kyakkyawan sakamako. Ba ta ƙara hawa bene na uku ba.

Ran nan da safe 'yarta ta tashi da idanu jajaye. Anti ta dafa goshinta da hannun dama, bisa sabo, kamar ta dafa bango. Sai ta durƙusa, ta ɗora kuncinta a kai.

Zafi ne rau, ya ratsa ta har maƙogwaro.

"Mama, kin ji?"

Anti ta dubi ƙofa. Ta dubi bayan labule. Ta daɗe a durƙushe, yarinyar tana jira.

"Na ji," ta ce a hankali, ba ta ɗaga kuncin ba.