Tuwon Lawan

"Ki daina zuwa gaban kwamitin nan, Zuwaira. Don Allah, masoyiyata..."

Sharhabil ne ke magana, ya hakimce a zauren gidansu Zuwaira a Unguwar Dosa, shadda sai ƙamshi, yana kaɗa makullin motar Oga kamar da guminsa ya saye ta. Direban wani babba ne a wani ofishin tsaro, amma in ka ji yadda yake cewa "mu a ofis", sai ka rantse shi ke sa hannu a komai. Bikinsu ya ƙarato, har an kawo lefe.

Zuwaira ta dube shi sheƙeƙe. Tun daminar bara wasu masu kaki suka jefa yayanta Lawan a mota marar lamba a Malali, ya bar kekensa na haya a kunne da fasinja a ciki. Duk ofishin da ta je sai a ce ba a san zancen ba. Kwamitin binciken kuwa, gwanintarsa shan ruwan gora da "za mu duba". Duk da haka ba ta fasa zuwa ba, don har yau Inna Delu sai ta zuba tuwon ɗanta a kwanonsa ta rufe, ko zai shigo da yunwa. In bai shigo ba, Sharhabil ake miƙa wa idan ya zo zance, kada abinci ya lalace.

Ta tuna masa alkawarin da ya yi na tambayo mata a ofis. Ya ce ya tambaya har bakinsa ya gaji, ga Oga ya fara ganin fuskarta a talabijin, aikinsa na rawa.

"Ki tausaya mini, hasken idona. Surutun nan fa ba zai dawo da marigayi ba."

Zuwaira ta tsare shi da ido.

"Da wa?"

"Lawan mana... ina nufin..."

"Marigayi ka ce. Uwar da ta haife shi ba ta taɓa kiransa haka ba. Kai wa ya yi maka ta'aziyya?"

Makullin ya daina kaɗawa. Jarumin ofis ya jiƙe sharkaf da gumi, ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya amayar da gaskiya. Tun kafin azumi ya ji Oga na waya a bayan mota: Lawan ya cika a inda ake tsare da shi, an binne shi tare da wasu a bayan gari. Wai ya yi shiru ne don hawan jinin Inna, kuma kada zaman makoki ya sa a ɗaga biki.

Biki! Zuwaira ta kau da kai. Ta so mutumin nan, har yanzu ma tana sonsa, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"Gobe kwamiti zai zauna," in ji ta, hawaye na zuba. "Ka zo ka maimaita kalmar nan a gabansu."

"Zuwaira, kin san abin da za su yi mini?"

"Na sani. Yanzu ka gama gaya mini. In ba za ka zo ba, ka turo a kwashe akwatunanka."

Ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa mai sheƙi.

Sai ga sallamar Inna, tana jan ƙafa, da kwano a hannu.

"Ungo, ɗan nan. Yau ma bai shigo ba."

Abin takaici, hannun Sharhabil ya miƙe da kansa, don sabo. Zuwaira ta riga shi.

"Ya ƙoshi, Inna. Tun kafin azumi ya ƙoshi."

Ta rungume kwanon da ɗuminsa a ƙirjinta, ta kama hannun tsohuwar.

"Mu shiga ciki ki zauna tukuna, Innata. Akwai magana."