Alamar da Aka Goge a Bangon Zaure

Ranar wata Laraba, da la'asar sakaliya, Ja'afar ya jawo tsohuwar adakar marigayiya mahaifiyarsa daga ƙarƙashin gado yana neman takardar gona. Takarda dai bai gan ta ba. Abin da ya tarar, a naɗe cikin wani tsohon zane, shi ne gem ɗinsa na yarinta, abin wasan nan da ake haɗawa da talabijin, da hannayen bugawa guda biyu, da kaset ɗaya na 'yan dambe. Magidanci mai shekara talatin da takwas, da furfura jefi-jefi a gemu, sai ga shi zaune dirshan a ƙasa yana dariya shi kaɗai.

Kawunsa Badaru, direban babbar mota, shi ya kawo masa tsarabar daga Kano yana ɗan shekara goma sha biyu. A lokacin kaf garinsu Kademi babu mai irinsa. Da batirin mota suke kunna shi, a wata 'yar talabijin mai baƙi da fari, a cikin zauren gidan. Yaran unguwa kuwa suna da dokarsu. Duk wanda ya zo sai ya rubuta sunansa da gawayi a bango, wanda bai iya rubutu ba ya yi alama. Wanda aka kayar ya tashi, ya miƙa hannun bugawa ga na gaba a layi. Idan kaset ya ƙi, sai a zare shi a hura masa iska, kowa ya yi tsit kamar ana jiran ganin wata. Ja'afar ne mai gem, saboda haka shi ne sarki, shi ne alƙali. A duk rayuwarsa bai ƙara jin daɗi irin na waɗannan yammacin ba, kuma ya sha faɗa.

Nan take ya kinkimi talabijin ɗin ɗaki ya kai zaure, ya ja waya daga batirin sola, ya kira 'yarsa Fiddausi, mai shekara goma sha ɗaya, ta zo ta ga abin da ubanta ya tashi da shi. Matarsa Bara'atu ta leƙo da ludayi a hannu.

"Baban Fiddausi, magariba ta kawo jiki. A bari sai gobe mana."

"Zagaye ɗaya ne kawai," in ji shi.

Ya hura kaset, ya soka. Abin mamaki, bayan shekara ashirin da shida, hoto ya kawo. Ya miƙa wa yarinyar hannu na biyu, ya ce, "Karɓi. Yau ke ce ta farko."

Bai rufe baki ba talabijin ta ɗauke. Zauren ya yi duhu fiye da yadda ya kamata a wannan lokaci, kaji suka daina motsi a akurki, kiran sallar da aka fara a masallacin unguwa ya koma can nesa. A cikin shirun nan babu abin da ake ji sai ƙas-ƙas ɗin maɓallai a hannun Fiddausi. Sai dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

Na biyu ya fasa randa a tsakar gida. Na uku ya shigo ta ƙofar zaure ya sami Ja'afar a goshi, jini ya rufe masa ido. Da ya kai hannu zai janye 'yarsa, sai ta miƙe ta dunƙule hannu, ta kai masa naushi a muƙamuƙi, irin wanda ƙato ma sai ya shirya. Ya faɗi a kan buhun gero, ya tofar da haƙori. Yarinyar da ko kaza ba ta iya riƙewa a yanka, tana tsaye a kansa tana rangaji, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, daidai tsayuwar 'yan damben cikin kaset.

Kwana uku gidan bai ga sauƙi ba. Da rana Fiddausi tana kwance, ido a buɗe, ba ci ba magana. Rana na yin ja sai jifa ta fara, ba ta tsayawa sai an idar da isha'i. Maƙwabta suka hau katanga da fitilu, ba su ga kowa ba. Amma abin da ya fi jifar tayar da hankali shi ne manyan yatsun hannun yarinyar. An ƙwace hannun gem ɗin, yatsun ba su daina dannawa ba. Suna danna tabarma, suna danna bango, suna danna daɓen siminti, har farce ya fita, har nama ya buɗe. Aka ɗaure hannayen da ɗankwali, ta tsinka. Aka ɗaure da igiya, ta ci gaba da dannawa a jikin igiyar. Ma'aikacin asibitin da aka ɗauko ya wanke ciwon, ya ja Ja'afar gefe ya gaya masa gaskiya: in aka ƙara kwana biyu a haka, sai dai a yanke yatsun.

Bara'atu ba ta ce masa "ai na faɗa maka" ba. Da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi.

Ranar Asabar ya hau babur ya nufi Toranke, ya ɗauko Malam Muhammad Bashir, wani dattijo ɗan firit da ya yi suna wajen ruƙiyya. Suka iso rana na shirin faɗuwa. Malam ya sa aka shimfiɗa yarinyar a zaure, aka ajiye gem ɗin a gefe. Ya daka ganyen magarya bakwai ya zuba a ƙwaryar ruwa, sannan ya dubi iyayen.

"Duk abin da za ku ji, ku kama bakinku. Ni zan amsa masa."

Ya fara da Fatiha, ya shiga Ayatul Kursiyyu, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Duwatsu suka yi ta sauka a kan kwano kamar ƙanƙara. Ɗaya ya tsaga masa kunne, jini ya gangaro kan farar rigarsa, bai ko ɗaga kai ba. Da ya kai tsakiyar Suratul Jinni ya yayyafa mata ruwan, sai Fiddausi ta banƙare, ƙeyarta ta bugi ƙasa. Wata murya ta fito daga bakinta, muryar yaro ce, amma a dushe kamar ta tsoho.

"Ka daina ƙona ni, Malam."

"Wane ne kai, kuma me ka zo nema a jikin baiwar Allah?"

"Layina nake jira."

"Wane layi?"

Kan yarinyar ya juya a hankali ya fuskanci ubanta. "Tambayi mai gem. Kullum da yamma ina fitowa daga kukar bayan gidan nan, in zo in tsaya a bakin ƙofar can. Ban iya rubutunku ba, sai in ja zane uku da gawayi a ƙarƙashin sunan Musbahu. Damina guda cur ina zuwa. Duk ranar da layi ya zo kaina, sai ya lashi babban yatsansa ya goge, ya kira wani."

Ja'afar ya dubi bangon zauren. Ya tuna. Wani siririn yaro mai jar riga, wanda ba ya magana, wanda kowa ya ɗauka baƙon wani gida ne. Ya tuna yadda yake goge alamar, yara suna dariya, don kawai yaron ba ya cikin abokansa. Shekara da shekaru yana ba da labarin zauren nan, ko sau ɗaya bai taɓa sa yaron a ciki ba.

"Aka rufe gem a adaka, na haƙura na jira," muryar ta ci gaba. "Da aka buɗe, sai na ji ya ce wata ce ta farko."

"An zalunce ka," in ji Malam. "Amma yarinyar nan ba a haife ta ba a lokacin. Ka ji tsoron Allah ka fita."

"A kunna mu buga da shi. In ya kayar da ni, in tashi. In na kayar da shi, in zauna a nan har abada. Dokarsu ce, ba tawa ba."

"Ba a caca da 'yar mutane. Ga gem ɗin nan, an bar maka shi duka, za a kai maka gindin kuka."

"Da wa zan buga? Duk sun girma." Muryar ta ƙara kauri. "Zan fita, karatunka ya ishe ni. Amma da yatsa aka goge ni, da yatsa zan tafi."

Hannayen Fiddausi suka ɗaga, na dama ya cafki babban yatsan hagu ya fara lanƙwasa shi baya. Bara'atu ta ƙwalla ƙara. Malam ya ɗaga murya da Falaƙi da Nasi yana watsa ruwa, amma yatsan bai daina tafiya baya ba.

A nan Ja'afar ya karya umarnin Malam. Ya durƙusa, ya cusa manyan yatsunsa biyu a cikin tafukan 'yarsa.

"Ba nata ba ne suka goge ka. Ga su nan. Ni ne, kuma na yi kuskure."

"Ja'afar, janye hannunka!" in ji Malam.

Ƙananan hannayen suka damƙe. An ji ƙarar har tsakar gida, sau biyu, kamar an karya karan dawa. Ja'afar bai san ya yi ihu ba sai da ya ji maƙogwaronsa na zafi. Fiddausi ta yi atishawa mai ƙarfi sau uku, jikinta ya saki. Wani dutse da ke kan kwano ya gangaro a hankali ya faɗi a ƙasa, daga shi ba a sake jin wani ba.

Malam ya ƙarasa karatunsa har ƙarshe, ya shafa mata ruwan a fuska. Sannan ya dubi yatsun Ja'afar, da suka kwanta baya a kan tsintsiyar hannu, ya girgiza kai.

"Da ka ƙara haƙuri kaɗan, da wataƙila ya fita haka nan."

"Wataƙila, Allah ya gafarta Malam," in ji Ja'afar. "Ba zan iya jiran wataƙila ba."

Fiddausi ta buɗe ido. Ta dubi hannayenta da suka yi luf a kan cinyarta, ta motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, suka motsa, suka kuma tsaya da ta ce su tsaya. Sai ta fashe da kuka, ta miƙa hannu.

"Baba, ɗauke ni. Ina jin tsoro."

Ya kai hannu zai ɗauke ta, hannun ya kasa riƙo. Sai ya zura damatsansa a ƙarƙashinta, ya tallafo ta zuwa ƙirjinsa, ya miƙe da ita ya shiga cikin gida.