Takalmin Mushe Mutari

Kamiyon, babbar motar kamfanin gyaɗa, ya ci birki daf da kututturen da suka gindaya a hanya. Rana tsaka, tsakanin Takieta da Garagumsa, ba kowa sai gonakin da aka gama cire gyaɗa.

"Sauko!" Sallau ya daka tsawa, bakin bindiga a tagar shofer, direban motar. Tsohon soja ne, bindigar ma daga yaƙi ya ɓoyo ta.

Ari, abokin fashinsu, ya haye bayan motar, ya wurgo akwatin ƙarfen da kamfani ke aika kuɗin sayen gyaɗa a ciki. Mutari na gefe, ya rufe fuska da rawani. Shi ya kawo aikin. Shekara shida yana komi, wato akawu, a biro, ofishin kamfanin a Zinder, kafin a kore shi, ya san ranar da akwatin ke fita. Sharaɗi ɗaya ya kafa musu: ba jini. "Mu ba namun daji ba ne," in ji shi.

Shofer ya sauko hannu sama, dattijo ne, sunansa Zakari. Ya sunkuyar da kai don kada a ce ya ga fuskar wani. A ƙasan ne ya ga takalmi. Baƙi, sau-ciki, an goge shi yana ƙyalli. Duk Birni, tsohon garin Zinder, mutum nawa ke da irinsa?

"Mushe Mutari?" ya ce a hankali, da laƙabin girmamawa na Faransanci da ake kiransa da shi a biro. "Kai ne, ɗana?"

Sallau ya yi dariya, ya zaro wuƙa ya miƙa wa Mutari.

"To, ɗan lakwal, ɗan boko. Kai ya sani, mu bai san mu ba."

"Mun yi magana, Sallau."

"Mun yi. Sai ka zo mana aiki da takalmin biro."

Zakari ya durƙusa. "Wallahi ban ga kowa ba. Yau ni makaho ne. Ɗana, ni fa na ɗauko gawar babanka daga Mirriya."

Mutari ya sani. Amma ba gawar babansa yake gani ba. Kansa yake gani, da igiya a ƙugu, ana jan shi ta tsakiyar Birni a gaban mutanen da ke miƙewa in ya wuce. Hannunsa ya karɓi wuƙar. Ya daɓa wa Zakari sau ɗaya — sau biyu — ya ci gaba har sai da Ari ya riƙe shi ta baya.

"Ya isa haka, malam. Ko mahauci yana tsayawa."

Suka yanki daji, akwatin a kan raƙumin Ari. Ba su yi nisa ba Sallau ya waiwaya ya kalli yashi.

"Cire abin nan. Kana rubuta musu hanya."

Mutari ya cire. Ƙafar da rabonta da ƙasa tun yana ɗan shekara bakwai ta faɗa cikin ƙarangiya. Taku ashirin ya yi, ya zauna yana cire ƙaya yana huci. Ya maida takalmin. Sallau da Ari suka kalli juna.

A wata rijiya Sallau ya miƙa masa guga. "Jawo mana, mushe." Yana cikin ja ya ji tashin raƙumi. Kafin ya juyo sun haye su biyu, sun nufi kudu, ƙasar Ingilishi.

"Sallau! Ni na kawo aikin nan!"

Ko waiwaye.

Can a hanya kuwa, manoma sun tsinci gawar. Ba su san sunansa ba, amma suka ɗauke shi zuwa ƙauyensu suka yi masa wanka. Wata tsohuwa, Tani, ta fiddo farin ƙyallen da ta aje don nata likkafani. Da gardi biyu, 'yan sandan Faransawa, suka iso kan doki daga Takieta, wani manomi ya nuna musu ƙasa.

"Raƙumi ya yi mana nisa. Amma mai wannan takalmi, ko jikata za ta kai ku wurinsa."

La'asar sakaliya suka same shi gindin aduwa, leɓɓansa sun tsage. Samarin ƙauyen suka yi kansa da sanduna. Mai gari ya shiga tsakani.

"Ku ba shi ruwa tukuna."

Mutari ya kalli ƙwaryar. Mutanen da a biro yake kira gidadawa, yana barin su tsaye a rana. Ya so a ce dukan suka yi masa. Ya sha.

Babban gardin, Habu, ya ciro takarda da fensir daga jakarsa, ya jujjuya su.

"Kumandan, Baturen mulki, zai nemi rubutu, ni kuwa ban yi lakwal ba. An ce kai komi ne."

Mutari ya ɗora takardar a gwiwa. Ya rubuta kwanan wata, da wurin, da sunan mamaci. Habu ya ce a saka har da iyalinsa: matarsa Wasila da 'ya'ya huɗu a Zinder, waɗanda har yanzu ba wanda ya je ya faɗa musu.

"Saura wanda ya kashe," in ji Habu.

Mutari ya tsaya yana kallon hannunsa, yana jira ya yi rawa. Bai yi ba. Sunan ya fita tsaf a kan layi, kyakkyawan rubutu, ko kuskure ɗaya babu.