Fuskar Kwali

Satin da soja suka miƙa mulki, Katsina ta zama kamar mai tashi daga barcin rana, kowa na tafiya a hankali yana murmushi ba dalili. A satin ne Hajiya Rahinatu, mai shagon kayan marmari a Ƙofar Kwaya, ta kai ƙara wurin 'yan sanda: an kwashe mata tuffa 'yar lamba ɗaya daga kwali shida, an cusa masu tabo. Har ta karɓe makullin sito daga hannun Malam Gwadabe, tsohon da ya yi shekara ashirin yana tantance mata kaya.

Sufeto Dabo na shiga sito ƙamshi ya tare shi. Ya lumshe ido, sai ga shi yana yaro, mahaifiyarsa ta dawo daga Makka da tuffa guda, ana yanka ta gida tara. Da ƙyar ya tuna aiki ya kawo shi.

Tsohon na zaune a lungu. Tausayinsa ya kama Dabo.

"Baba, yaya kake ware su?"

"Da hannu, yallaɓai. Wadda ta cika tafi, ja ko'ina, ba tabo, ita ce lamba ɗaya. In kwantar da ita a gefenta, don kada tsinkenta ya soki 'yar'uwarta. Sama da ƙasan kwalina duk ɗaya ne."

Dabo ya buɗe kwali, ya fiddo tuffar jeri-jeri. Jerin sama gwanin sha'awa. Na ƙasa kuwa ƙanana ne masu tabo, kowace tsinkenta a tsaye.

Aka kira Sada, direban da ke ɗauko kayan daga Kano.

"Wallahi ban taɓa buɗe kwali ba, ranka ya daɗe."

"Kafin tuƙi, wace sana'a ka yi?"

"Tumatur na saida a kasuwa."

"Madalla. Taimaka ka mayar mini da waɗannan, bayana na ciwo."

Bayan Dabo lafiyarsa lau. Sada ya durƙusa, Dabo na jan sa da hirar sabuwar gwamnati, hannuwa kuwa suna aikin da suka saba: ƙanana a ƙasa, manya a sama, tsinke a tsaye.

"Ka yi wa kwalin fuska, irin ta kwandon tumatur," in ji Dabo.

Sada ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Ƙamshin ne, yallaɓai. Shekara biyu yana bina cikin mota ban taɓa ɗanɗanawa ba. Guda na ci a hanya, sai na ga ba abin da ya faru. Sauran na saida a tasha, na cike da masu araha."

Kofur ɗin da ya rako Dabo ya tasa Sada gaba zuwa caji ofis.

Hajiya ta matso, kunya ta rufe ta, ta miƙa wa tsohon makullinsa.

"Malam, ka yafe mini."

Bai ɗago ba. Ya riga ya durƙusa gaban kwalin, yana kwantar da su ɗaya bayan ɗaya.

"Bari in gama, Hajiya. Suna sukar juna."