Ihun Rumaisa

Ana gab da magariba, Hajo tana tuƙa tuwo a tsakar gidansu da ke Toranke, awaki sun dawo sun kwanta a turke. Sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗakin marigayiya kaka. Wani ya biyo shi. Babu iska, babu motsin kowa a bayan katanga. Hajo ta ɗaga kai ta dubi ɗanta Zulkiflu.

"Wai har yanzu ba ka gama shirmen fim ɗin nan ba?"

"Inna, ba ni ba ne," ya ce.

Ba banza ta zarge shi ba. Zulkiflu yana haɗa gajerun finafinai da waya. Na farkonsa na aljanu, da kwamfuta ya yi shi a wani shago a Gaya, aljani mai koren ido, hayaƙi na fita ta hancinsa. Da aka kalla a wajen cajin waya, samari suka yi ta dariya har da riƙe ciki, wani ya ce aljanin mura yake yi. Abin ya ci masa rai. Daga nan ya gane mai kallo ba ya firgita sai ya ga tsoro na gaske a fuskar wani.

Sai ya lallaɓi ƙanwarsa Rumaisa ta shiga ɗakin kaka, wanda ba a buɗe ba tun rasuwarta, wai ta yi kamar tana neman wani abu. Bai gaya mata sauran ba. Ya kafa waya a taga, ya sa sakata ta waje, ya tura hayaƙin ƙaiƙayi ta ƙarƙashin ƙofa, ya dinga ruwan duwatsu a kan kwano. Ihun da ta yi, ko shi sai da tsigar jikinsa ta tashi. Fim ya bi wayoyi daga Ajingi har Gaya, kuma wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Tun daga magaribar da dutsen nan ya faɗo, gidan ya zama kurkuku. Duk wanda ya nufi zaure, sai dutse ya dira a gaban ƙafarsa. Maƙwabta suka ɗauke ƙafa. Rumaisa ta daina magana, ta zauna tana fuskantar bango, can sai ta ƙwalla ihun nan na cikin fim, babu ragi babu ƙari, ko da rana tsaka. Zulkiflu ya goge fim ɗin daga wayarsa, bai hana komai ba. Ta saman katanga Hajo ta roƙi maƙwabci ya ɗauko Malam Umara, mai ruƙiyya a Ajingi.

Malam ya iso bayan la'asar. Ya zauna kusa da yarinyar, ya fara karatu a hankali. An daɗe. Inuwar katanga ta rufe tsakar gida kafin Rumaisa ta juyo, muryar wani tsoho ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Maƙwabcinsu ne. Ina ɗakin nan tun kafin a sa masa kwano, ban taɓa cutar da kowa ba. Aka jefe ni, aka turnuƙe ni da hayaƙi. Na nemi ƙofa, an kulle. Yarinya ta firgita, na samu hanya na shige."

"To ka ji tsoron Allah ka fita."

"Sau nawa na fita? Duk inda aka kunna ihun nan, sai ya jawo ni ya mayar. Ni ma a ɗaure nake."

Malam ya dubi Zulkiflu. "Waya nawa ke da shi?"

Zulkiflu ya sunkuyar da kai. Wa ya sani?

Aka yi ta ja-in-ja har aka kira salla. Daga ƙarshe muryar ta ce, "Zan daure wa ihun da aka kunna a nesa. Amma ranar da ita ta ji shi da kunnenta, zan dawo, kuma babu sauran fita." Malam ya sa aljanin ya rantse. Rumaisa ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta tana kuka da muryarta. Jifa ya tsaya daga ranar.

Sai dai ina za ta? A kasuwa akwai waya, a mota akwai waya, gidan biki kuwa ba a magana. Zulkiflu ya shiga bin mutane, daga majalisa zuwa majalisa, yana roƙon a goge abin da ya fi alfahari da shi a duniya. Wasu su goge, wasu su ce to, ya juya baya su tura wa wani.

Ranar da aka kai babbar ƙawarta Hauwa'u ɗakin miji, Rumaisa ta yi kwalliya, ta sa hijabi, ta taka har bakin zaure. Zulkiflu na kallonta. Wasu samari suka zo wucewa, sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Ta toshe kunnuwa da hannu biyu, ta ja da baya a hankali, ta koma ɗaki.